Masanan kimiyya da suka taɓa shigowa makarantunku: me suka bari?

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara tara ina koyarwa a sakandare, kuma a wannan zangon shugaban makarantarmu ya ɗora mini nauyin nemo mai bincike daga jami'a da zai riƙa zuwa wurin yara. Kafin in rubuta wa kowa takarda, ina so in ji daga bakin waɗanda suka ga abin da idonsu. Me ya yi amfani, me ya tashi a banza?

Tsohon Ɗalibi: Wa alaikumus salam Malama. Ina aji uku wani malamin fiziks ya zo mana da madubin hangen taurari. Bai yi dogon bayani ba, ya saita shi kan duniyar Jufita ya ce kowa ya leƙa ya zana abin da ya gani. Ƙwallo mai haske na gani, da ɗige huɗu a jere. Washegari da muka sake leƙawa ɗigen sun canja wuri, har muka ce masa madubin ne ya lalace. Ya yi dariya ya ce mu ci gaba da zanawa. Sai a dare na huɗu ya gaya mana watannin Jufita ne suke kewaya ta, na kusa da ita ko kwana biyu ba ya cikawa yake gama zagaye, kuma abin da Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya gani ke nan a 1610. Da a daren farko ya faɗa, wallahi da tuni na manta. Takardar zanen tana wurina har yau.

Baban Yara Uku: Ni kam ban ji daɗin nawa ba. Wasu masu bincike sun sa yaranmu ɗebo ruwan sha daga gidaje a 'yan kwalabe, aka rubuta lamba a jikin kowace. 'Yata sai da ta zaga gida shida. Suka kwashe suka ce za su dawo da sakamako. Shekara biyu ke nan shiru. Yarinyar ta gaji da tambayata ko ruwanmu yana da kyau, ni kuma ban da amsa. Malama, duk wanda zai zo, ki sa ya rubuta ranar dawowa tun kafin ya taɓa komai.

Mai Bincike: Baba, ka yi haƙuri, laifin irinmu ne kuma ba zan kare shi ba. A jami'a da takardun da muka wallafa ake auna mu wajen ƙarin girma, zuwa makarantu kusan ba ya shiga lissafi, shi ya sa da an samu bayanan sai a juya baya. Ba uzuri ba ne.

Ni ma zuwana na farko kunya na sha. Na haɗa hotuna arba'in a kwamfuta kamar zan yi wa abokan aiki lacca, kafin in kai na goma layin baya ya yi barci. Malamin ajin ne ya ja ni gefe ya ce, "Dakta, ba su abin da za su riƙe." Sai na koma da Foldscope, madubin ƙara girma na takarda da Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford, wanda yake ƙara girman abu sau 140. Yaran da kansu suka nannaɗe shi, muka ɗiga ruwan kududdufi. Wata yarinya da ba ta ce uffan ba tun safe ta yi tsalle tana cewa, "Yana motsi! Yana motsi!" Aka kaɗa ƙararrawar tashi, ba wanda ya miƙe.

Malamin Lissafi: Mu ko na'ura ba a kawo mana ba. Mai binciken ya haɗa mu ne da wata makaranta can nesa ta kudu da mu. Rana ɗaya da tsakar rana kowa ya kafa sanda mai tsawon mita ɗaya ya auna inuwarta, irin dabarar Eratostenis, masanin Girka na zamanin da, wanda ya sami bambancin digiri 7.2 a kusurwar inuwa tsakanin Iskandariya da Aswan a Masar, ya lissafa kewayen duniya da shi. Lissafinmu ya ba da kewayen duniya kilomita 46,000, alhali kusan 40,000 ne. Mako guda yaran suka yi suna gardamar inda kuskuren ya shigo. Ashe sandarmu ce ta ɗan karkace.

Ɗalibar Digiri na Biyu: Mai binciken da ta zame mini jagora, sau biyu kawai ta zo makarantarmu, amma duk rahoton da na aika mata sai ya dawo da jan biro. Ita ta koya mini rubuta ranar gwaji a saman kowane shafi, da barin sakamakon da bai yi mini daɗi ba yadda yake.

Malamar Kimiyya: Na gode ƙwarai. Zan nemi zuwa huɗu a zango, kuma sharaɗin Baba zai shiga takardar. Dakta, madubin takardar nan yana jure hannun yara sittin, ko sai an raba su rukuni-rukuni?