Wace kalma za mu sa wa "model" na masu hasashen yanayi?

Mai tambaya, Garwa: Assalamu alaikum. Duk wanda ya yi magana da ma'aikatan meteyo, wato ofishin hasashen yanayi, a nan ko a Njamena zai ji suna cewa "model ya ba da ruwa", "model ya nuna hazo", kamar yadda ake faɗa da Faransanci. Wasu na juya shi zuwa "samfuri". Masana, ya yi ko a nemi wata?

Malamin lissafi, Marwa: Wa alaikumus salam. Samfuri bai yi ba, Malam. Samfuri shi ne abin da ɗan kasuwa ke nuna maka kafin ka sayi kaya, yana ajiye wuri guda. Wannan kuwa lissafi ne mai tafiya. Ana yanka sararin sama gida-gida kamar gidajen dara. A na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, faɗin kowane gida kusan kilomita 9 ne, an kuma jera su hawa 137 daga ƙasa zuwa sama. A kowane gida ana sa zafi, danshi, matsin iska, da ƙarfin iskar da inda ta nufa. Sai kwamfuta ta lissafa yadda kowane gida zai canza bayan 'yan mintuna, gwargwadon abin da maƙwabtansa suka turo masa, ta ɗora sabon lissafi a kan wancan, har a kai kwana goma ko fiye. Ni na ce "makwaikwayin yanayi", domin aikinsa ke nan, kwaikwayon abin da sama za ta yi.

Ɗan Kusiri: Me zai hana a ce "taswirar yanayi"? Ita ce dai muke gani a waya.

Ma'aikaciyar awon yanayi, Njamena: Taswira ita ce abin da ya fito a ƙarshe, ƙanena, ba abin da ya haife ta ba. Ina bayan Malam, kuma dalilina shi ne kalmar tana faɗa wa mai sauraro tun farko cewa akwai kuskure. Mai kwaikwayo ba ya zama wanda yake kwaikwaya.

Kuskuren farko yana mafari. Kafin a kunna lissafi sai an san halin da sama take ciki yanzu. Ana sakin balan-balan ɗauke da ƙaramar na'urar awo da ƙarfe 1 na dare da 1 na rana agogonmu, ta hau kusan kilomita 30 kafin ta fashe, tana aiko da zafi da danshi da matsi. Tashoshin da ke yin haka a Afirka ba su da yawa, sai a cike giɓin da tauraron ɗan Adam da awon jiragen sama. Idan mafari ya karkace, komai ya karkace. Lewis Fry Richardson na Ingila, wanda ya wallafa gwajinsa a 1922, da hannu ya yi lissafin, ya samu matsin iska zai canza da hektofaskal (ma'aunin matsin iska) har 145 cikin awa 6, alhali da ƙyar ya motsa. Hanyarsa daidai take, awon da ya fara da shi ne bai daidaita ba. Sai a 1950 Jule Charney da abokan aikinsa suka samu hasashe mai ma'ana da kwamfutar ENIAC a Amurka.

Na biyu ya fi damun mu da damina. Hadari guda na iya zama ƙarami da bai cika gida ɗaya ba, don haka makwaikwayi ba ya ganinsa, ƙiyasta shi yake yi daga zafi da danshin gidan. Shi ya sa yakan zubar da ruwa da wuri, wajen azahar, yayyafi a ko'ina, alhali ruwanmu na gaske yakan zo da la'asar ko cikin dare, layin hadari guda daga gabas, da guguwa a gaba. Ruwan ya jiƙa Marwa ya bar ƙauyen da ke kusa a bushe.

Dattijo, Ngaundere: Malama, Allah ya ƙara sani. Amma "makwaikwayi" a kunnena mutum ne, irin mai wasa a dandali. Jam'insa fa?

Malamin lissafi, Marwa: Ranka ya daɗe, Hausa ta riga ta raba. Na mutane makwaikwaya, na kayan aiki makwaikwayai, kamar mabuɗi da mabuɗai. Kuma jam'in muna bukatarsa kullum. Edward Lorenz, masanin yanayi na Amurka, ya gano a 1961 cewa taƙaita wata lamba ta mafari daga 0.506127 zuwa 0.506 kawai ya sa lissafinsa ya kama wata hanya dabam. Saboda haka cibiyar Turai take kunna nata sau 51, kowanne da ɗan bambanci a mafari. Idan aka ce yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100, ana nufin wajen 30 daga cikinsu sun ba da ruwa. Ga kuma makwaikwayin Amurka, GFS, da ake kunnawa sau 4 a rana, kuma ba kullum suke yarda da juna ba.

Ma'aikaciyar awon yanayi, Njamena: A hazo makwaikwayan sun fi abin kirki. Ƙurar daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, inda iskar arewa maso gabas ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi. Wannan babban abu ne mai cin gidaje da yawa, ana ganin zuwansa kwanaki kafin ya rufe Njamena. Inda suke gazawa shi ne ƙarfin iskar hantsi da ke ɗaga ƙurar, sukan rage shi, sai hazon ya zo da kauri fiye da yadda aka faɗa.

Ɗan Kusiri: Na janye taswira. Amma a rediyo doguwa ce, Yaya. Mutane za su ci gaba da cewa "model".

Mai tambaya, Garwa: Su ce a baki, ba laifi. A rubuce mun tsaya a kan makwaikwayin yanayi, jam'i makwaikwayai, sannan "gida" ga kowane yanki da "mafari" ga awon da ake farawa da shi. Saura ɗaya: "yanayi" muke cewa ga na gobe, shi muke cewa ga na shekara 30. Baba na Ngaundere, me magabata ke kiran na biyun?