Kare fentin sabuwar mota a Gusau

Shawarar da ta fi rinjaye a tattaunawar da wasu masu motoci suka yi a Gusau ita ce kada a goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma, domin yashin da ke cikinta yana karce fenti, sai an fara kwarara ruwa tukuna. Sun hana amfani da omon wanki saboda yana cinye kakin da ke kare fentin, kuma sun fi son wankin sassafe, tunda ruwan burtsatse yana barin tabo idan ya bushe a rana. An yi saɓani kan shafin siramik mai tsada, amma a ganina shafa kaki duk wata 3 ya wadatar. Kashin tsuntsu kuwa, musamman a ƙarƙashin darbejiya, a wanke shi nan take.