Allo ɗaya da waya sun isa? Muhawara kan jirgin da ake haɗawa a Sharaɗa

Nura Sharaɗa: Assalamu alaikum jama'a. Aikin ɗan jirginmu mai kujera biyu ya zo kan dashbod da ƙafafu, kuma ga matsayar da na ɗauka, mai ja ya ja. Allo guda zan saka, na kamfanin Dynon, wanda ke nuna gudu da tsayi da karkatar jirgi duk a fuska ɗaya. Ba zan ƙara wasu agogunan ko-ta-kwana ba. In allon ya mutu ga waya ga tablet, duk da GPS a ciki. Jirgin rana ne, ba dare zan tashi ba, ba gajimare zan shiga ba. Balansin taya ma ba zan yi ba. Tayar da ba ta cika minti ɗaya tana gudu a tashi da sauka, me za a yi wa balansin? Yadda dala take yanzu, kowane kwabo gara ya tafi kan inji.

Baba Kyaftin: Wa alaikumus salam. Nura, jirgin rana a wane gari? In a Kano kake nufi, to ka manta da hunturu. Daga Nuwamba har wajen Fabrairu za ka iya tashi da rana tsaka, babu gajimare ko ɗaya, ka hau ƙafa 3,000 sai ka ga sama da ƙasa sun koma launi guda. Layin nan da ido ke kamawa ya san jirgi a miƙe yake, hazo ya shafe shi. Manyan jirage ma ana dakatar da su a filin Malam Aminu Kano saboda hazo, balle naka.

Kuma kada ka ce jikinka zai gaya maka. Ruwan da ke cikin kunne shi ke jin juyawa, amma in jirgi ya karkata a hankali ba ya ji, in kuma ya daɗe yana kwana kamar daƙiƙa 20, ruwan sai ya lafa, ka rantse a miƙe kake. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agogo ba, wato dogaro da na'urorin dashbod kaɗai, aka tare musu ganin waje. In aka raba daidai, daƙiƙa 178 suka yi kafin jirgi ya ƙwace musu. Ko minti uku bai cika ba.

Ɗan Zariya: Baba, ranka ya daɗe, da girmamawa, wannan hujjar ta fi taimakon Nura. Matsalar waɗannan mutane rashin horo ce. Ɗauki John Kennedy ƙarami, Yulin 1999, ya faɗa teku kusa da Martha's Vineyard cikin hazo da dare. Jirginsa Piper Saratoga cike yake da na'urori, masu bincike ba su samu wata da ta lalace ba, shi ne bai kammala karatun tuƙi da agogo ba. Ni tsorona ma shi ne agogo na biyu ya ba mutum ƙarfin halin da bai kamata ba, ya ga hazo ya ce ai ina da biyu. Gara ya san ɗaya gare shi, in hukumar hasashen yanayi NiMet ta ce ganin hanya ya ragu ya zauna a gida ya sha shayinsa. Ƙananan jiragen Piper Cub nawa suka shekara suna tashi da agoguna huɗu ko biyar?

Nura Sharaɗa: Allah ya biya ka Ɗan Zariya. Abin da nake faɗa ke nan.

Injiniya Bilki: Ba abin da kake faɗa ba ke nan, ƙanena. Shi horo yake magana, kai kuma cewa ka yi waya za ta maye gurbin allo, kuma nan ne maganarka ta karye. GPS gudunka a kan ƙasa yake auna maka, fiffike kuwa ba ruwansa da ƙasa, iskar da ke bi ta kansa ya sani. A ce jirginka yana daina ɗauka a kilomita 90 a awa. Kana juyowa za ka sauka, iska mai gudun 30 tana bayanka, waya ta nuna maka 110 hankalinka kwance, alhali a iska 80 kake yi. Ka riga ka faɗo. Tsayin da GPS ke bayarwa ma ba shi ne wanda hasumiyar filin jirgi ke aiki da shi ba, su da nauyin iska suke raba jirage, kuma a zafi irin namu bambancin ba kaɗan ba ne.

Karkata kuwa ita ce mafi muni. In jirgi na kwana daidai, nauyi yana danna ka ne cikin kujera, ba gefe ba. Shi ya sa matuƙin nan na Amurka Bob Hoover ya iya tsiyaya shayi a kofi jirginsa na mirginawa. Wayar da ke hannunka abin da take ji ke nan, sai ta ɗauka ƙasan jirgi shi ne ƙasan duniya. Sannan kamfanin Apple da kansa ya ce iPad ɗinsa daga digiri 0 zuwa 35 aka yi shi ya yi aiki. Ka ɗora shi ƙarƙashin rufin gilas a watan Afrilu a Kano, kafin ka kai Wudil ya rubuta maka ya yi zafi ya ɗauke.

Habu Mai Faci: Wannan gaskiya ne Hajiya. Tawa ma a kan bencin shago take ɗaukewa, ba ta tashi sama ba.

Nura Sharaɗa: To naji, Anti. A ce na sayi allo na biyu iri ɗaya na ajiye a gefe. Shi ke nan an huta?

Injiniya Bilki: Ba a huta ba. Shaidu biyu da suka ji labari daga bakin mutum ɗaya, ai shaida ɗaya ce a gaban alƙali. In allon biyu batir ɗaya suke sha, fis ɗaya ko waya ɗaya ta ƙone, tare za su mutu. In manhaja ɗaya ce a cikinsu, kuskure ɗaya zai kama su lokaci guda. Shi ya sa masu haɗa jirgi da yawa ke sa na ko-ta-kwana daga wani kamfani dabam, mai batirinsa a jiki. Garmin G5 misali, ɗan ƙarami ne da ke shiga ramin agogo na inci 3 da ɗigo, batirinsa na iya riƙe shi har awa 4 bayan wutar jirgi ta ɗauke.

Baba Kyaftin: Ki ƙara masa da zanzaro, 'yata. Nura, agogon gudu daga bututun Pitot yake shan iska, wannan ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashin fiffike. Zanzaro ba abin da yake so irin rami mai wannan faɗin, yini ɗaya ya ishe shi ya liƙe da laka. A Fabrairun 1996 wani Boeing 757 ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika bayan ya yi makonni a ajiye, bututu ɗaya a toshe, ana kyautata zaton irin wannan ƙwaro ne ya yi gini a ciki. Mutum 189 suka rasu. A Oktoban shekarar kuma wani ya faɗi a gabar Peru saboda an wanke jirgi an manta salatif a kan hudojin gefe da agogon tsayi ke amfani da su, mutum 70. Ka jera agogo goma a kan bututu ɗaya, in ya toshe duk ƙarya ɗaya za su yi maka. Murfi mai jan ƙyalle a kan bututun, da duba shi da ido kafin kowace tashi, sun fi wani allon amfani kuma kuɗinsu bai kai na katin waya ba.

Ɗan Zariya: To Baba kun dawo layina. Murfi da ido da horo. Kowane agogo da aka ƙara, an ƙara mahaɗa a layin iska, kowace mahaɗa kuma wurin yoyo ce. Ga nauyi.

Baba Kyaftin: Ban dawo layinka ba, yaro. Agogon gudu mai allura ba ya shan wuta ko kaɗan, nauyinsa bai kai rabin kilo ba. In allo ya yi baƙi kana dab da sauka, shi ne zai kai ka titi. Yoyo kuma ana gwada shi a ƙasa. Wanda ba zai iya haɗa tiyo uku ba tare da yoyo ba, bai kamata ya haɗa jirgi ba tun farko. Horon da kake faɗa na yarda da shi, ya je kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ko wajen wani malami mai lasisi ya koyi yadda ake juyowa baya da agogo kaɗai. Amma in ya koya, da me zai yi aikin in allon ya mutu?

Habu Mai Faci: Ku ba ni dama in shigo, don an zo fagena. Malam Nura, taya ƙarama ta fi babba juyawa, wannan ko ɗan koyo a shagona ya sani. Nawa ne girman taka?

Nura Sharaɗa: 5.00-5 ce, Oga Habu. Tsayinta kamar inci 14.

Injiniya Bilki: To mu yi lissafi. Kewayenta ya ɗan haura mita 1. In ka taɓa ƙasa a kilomita 100 a awa, tana juyawa kusan sau 25 a daƙiƙa, wato 1,500 a minti. Tayar ƙaramar mota a wannan gudun ba ta kai 1,000 ba. Ƙarfin fizga kuma ba ninki ɗaya yake hawa ba, in juyi ya ninku biyu shi huɗu yake ninkuwa. Giram 10 kacal da suka yi yawa a gefe guda na bakin tayar za su riƙa fizgar ƙafar da ƙarfin kusan kilo 4, sau 25 kowace daƙiƙa. Ƙafar irin waɗannan jirage kuwa sandar ƙarfe ce mai lanƙwasa wadda matuƙi Steve Wittman ya ƙirƙiro, ita ce sifirin ɗin da kanta, babu shokazoba da zai shanye. In fizgar ta dace da yadda sandar ke son kaɗawa, sai rawar ta riƙa ƙaruwa da kanta.

Habu Mai Faci: Ka kawo min ita in ɗora a injin balansin, minti goma na gama. Ɗigon rawaya a saitin bawul, a buga dalma, shi ke nan.

Injiniya Bilki: A'a Oga Habu, a mota ne rawaya. A tayar jirgi jan ɗigo shi ne wuri mafi rashin nauyi, shi ake saitawa da bawul ɗin tub. Sandar injinka kuma ta yi wa ramin wannan wilin kauri, kuma dalmar da ake bugawa da guduma ba ta da wurin kamawa, za ta ji wa wilin ciwo ne kawai. Ɗan tsayayyen ƙarfen nan da ake yi wa tayar babur shi ya dace. A cire robar da ke riƙe giris, a wanke boris don ta juya sakayau, a sake ta. Inda ya sauko ƙasa shi ne mai nauyi, a manna dalma mai gam a kishiyarsa daga cikin wili inda ba za ta taɓa birki ba, a maimaita har ta riƙa tsayawa ko'ina aka bar ta.

Habu Mai Faci: Ikon Allah. Ja a sama, rawaya a ƙasa. To ƙarfen babur ɗin akwai shi, maƙwabcina na da shi.

Musbahu BUK: Ni na karanta cewa rawar taya ce ke kashe na'urorin dashbod, don haka maganganun biyu ɗaya ne.

Ɗan Zariya: Wannan an kai shi nesa. Taya daƙiƙoƙi take rawa, farfela da inji kuwa awanni suke kaɗa dashbod. In na'ura kake tausayi, farfela za ka yi wa balansin. Kuma ba kowace rawar ƙafa ce rashin balansin ba. Jiragen Air Beetle da aka haɗa wa sojan sama a Kaduna, guda 60 daga samfurin RV-6A na kamfanin Van's, tayar gabansu sakakkiya ce, ba sitiyari ke juya ta ba. Irin wannan in notin da ke matse cokalinta ya yi sako-sako, za ta riƙa kaɗa kai hagu da dama ko da balansin ɗinta ya fi na kowa. Da sikelin rataye ake ja a auna, a matse har ya kai adadin da littafin jirgin ya ce. Iska in ta yi yawa ko ta yi kaɗan ma tana jawo shi, haka tayar da ba ta zagaye daidai ba, ko wadda birki ya cinye wa gefe guda. Dalma ba ta gyara waɗannan.

Baba Kyaftin: Nan kam ka yi daidai. Gane mai laifi ma ba wuya. Da ka rabu da ƙasa ka ji jirgi na karkarwa, ɗan taɓa birki. In ta tsaya, tayoyin baya ne. In ta ci gaba tana raguwa a hankali, ta gaba ce, don ita ba ta da birki, sai ta gaji don kanta. Amma ka tuna ranar tashin farko ce za ka fara jin wannan karkarwa, a jirgin da ba a taɓa tashi da shi ba, kana ƙafa 50 daga ƙasa, ba ka san ko inji ne ko fiffike ne ba. Aikin yamma ɗaya ne zai cire maka wannan ruɗanin.

Nura Sharaɗa: Taya za a yi mata, tunda dalma da yamma ɗaya ne. Agogon gudu mai allura da kamfas ma zan nema na hannu. Amma G5 har yanzu ban ga dalilin da zai sa in cire wannan kuɗin ba. Watannin hazo jirgin zai kwana a rumfa, kuma kafin ma a kai can sai hukumar kula da sufurin jiragen sama NCAA ta zo ta duba ta ba da takarda.

Baba Kyaftin: Hazo ba ya aiko da goron gayyata, Nura. Ka tashi Disamba da safe garau, kafin ka dawo daga Dutse ya rufe gari.

Ɗan Zariya: Sai ya sauka a Dutse ya hau mota, Baba.

Injiniya Bilki: Ko ba ka saya yanzu ba, ka yanka raminsa a dashbod ka rufe da faranti, ka ja masa wayarsa da fis nasa dabam tun kana iya kai hannu bayan allon. In ka rufe saman jirgin, a kwance za ka yi aikin, kai a ƙasa ƙafa a kan kujera.

Habu Mai Faci: Malam Nura, Asabar bayan la'asar ka zo da duka ukun, har da tub ɗin da hoda. Kuma don Allah kada yaranka su taɓa notin wilin nan kafin su zare allurar bawul iska ta fita gaba ɗaya. Wilin jirgi falle biyu ne aka ɗaure da noti, in da iska a ciki aka kwance, fuskar mutum zai nufa.