Hoton CT ya riga ya nuna ƙari a huhu, me kuma za a nema da hoton PET?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum. Ƙanena tela ne, shekararsa 34, ko sigari bai taɓa kai wa baki ba. Ya kusa shekara yana tari, wani lokaci har da ɗigon jini a kaki. A wani asibiti aka ɗora shi kan maganin tarin fuka wata shida cur, alhali gwajin kakin bai nuna komai ba. Tarin yana nan daram. Sai da muka yi hoton CT aka ga ƙulli mai faɗin santimita 2 da rabi a babbar hanyar iska ta huhun dama. Likita ya ce yana zargin kasinoyid ne, wato wani irin ciwon daji, a yi wani hoton da ake kira PET. Da aka faɗi kuɗin sai da na nemi wurin zama. Tunda an gan shi, me ya rage?

Na ɗakin hoto:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. CT yana faɗa miki inda abu yake da girmansa, da ko ya toshe hanyar iska. Kasinoyid yana da jijiyoyin jini da yawa, shi ya sa yake haske sosai idan an yi allurar ruwan hoto. Amma halinsa CT ba ya faɗa.

Abin da nake so ki riƙe shi ne PET ba iri ɗaya ba ne, biyu ne suka shafe ku. Wanda aka fi yi, FDG, sukari ne mai ɗan tururin nukiliya, kuma daji mai saurin girma ne ke zuƙe shi. Kasinoyid kuwa yawanci a hankali yake tafiya, sai ya ƙi shan sukarin, hoto ya fito kamar lafiya lau, kuɗi kuma sun tafi. Na biyun shi ne na galiyam-68, wani sinadari mai tururin nukiliya, ana ce masa DOTATATE. Shi yana manne wa wasu ƙofofi ne da ke jikin ƙwayoyin irin wannan ƙari, masu karɓar sinadarin somatostatin. Ko ɗan tsiro ne ya ɓuya a hanta ko a ƙashi, yakan haska shi. Kafin ki biya ko sisi, ki sa likita ya rubuta wanne yake nufi, ki kuma kira wurin ki ji ko suna da shi. Galiyam ɗin ba ya ajiyuwa, duk minti 68 rabin ƙarfinsa ke tafiya, don haka da alƙawarin lokaci ake haɗa shi.

Baban Khalifa:
Mu ma haka muka sha da maiɗakina, sai dai ita asma aka yi ta ce mata, shekara biyu tana shaƙar magani. Yaya, kada ki manta hoto ba ya yanke hukunci. Sai an zura bututu mai kyamara ta hanci an ɗebo ɗan nama an duba. Mu an gargaɗe mu cewa irin wannan ƙari yana iya zubar da jini wajen ɗiba, shi ya sa muka je inda akwai likitan tiyatar ƙirji a kusa. Nata ya fito mai sauƙin ne, aka cire sashe ɗaya na huhun. Yanzu ita ke yi wa yara wanki tana faɗa, murya ba ta ragu ba.

Maman Ummi:
Allah ya saka muku da alheri. Yanzu na ɗauko takardar, "PET" kawai aka rubuta, babu ƙarin bayani. Ranar Litinin zan koma wajen likitan da ita. Baban Khalifa, ku naman aka fara ɗiba ko hoton?