Jayayyar katuna: neman kalmar Hausa ga matsalar da ke hana kwamfuta tashi

Ina gabatar wa masu gyaran kwamfuta da malaman harshe wata shawara, domin mu tsayar da kalma guda da za mu riƙa kiran abin da ake ce wa conflict da Turanci a fagen kayan kwamfuta. Halin da nake nufi shi ne a ƙara wa na'ura sabon kati, a kunna ta, ta ƙi tashi, alhali kafin a sa katin lafiyarta ƙalau, shi ma katin idan an kai shi wata na'urar yana aiki yadda ya kamata. Sauran kalmomi biyu da ke tare da wannan, wato boot da expansion card, ba su da wuya. Tashi ta riga ta zauna a bakin jama'a, domin kowa ya san abin da ake nufi idan an ce inji ya ƙi tashi. Katin ƙari kuma ya fi katin faɗaɗawa dacewa, tunda abin da katin ke yi shi ne ƙara wa kwamfuta wani aiki, na hoto ko na sauti ko na sadarwa. Kalma ta uku, wato conflict, ita ce take buƙatar zama a yi tunani.

Ba za a iya raɗa wa abu suna ba sai an san yadda yake faruwa. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 tana da gurabe 5 na sa katuna, kuma kowane kati sai an ware masa kasonsa daga wasu abubuwa masu iyaka: layin da zai bi ya kira furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, idan yana da saƙo, wanda ake taƙaita sunansa da IRQ, da adireshin da za a riƙa samunsa a kai, wani lokaci kuma da hanyar DMA da zai bi ya zuba bayanai kai tsaye cikin ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. Layukan kiran 8 ne a na'urar farko, suka zama 16 a samfurin AT na 1984, sai dai na'urar kanta ta riga ta riƙe da yawa daga ciki, domin na 0 na ma'aunin lokaci ne, na 1 na kibod, na 6 na faifan fulofi, na 14 na babban faifan ajiya, na 2 kuwa ya tafi wajen haɗa ƙananan na'urori biyun da ke kula da layukan. A wancan zamanin ɗan abin da ya rage shi ake rabawa da hannu, ta hanyar sauya wa wasu 'yan maƙalai wuri a jikin katin. Katin sauti na Sound Blaster na farko yana zuwa a saite kan layi na 7, wanda shi ne na kafar firinta. Modem ɗin ciki, wato katin sadarwa ta wayar tarho, da aka sa a kafar da ake kira COM3 yana faɗawa kan layi na 4, inda linzamin da ke kafar COM1 yake. Wani lokaci linzamin ne kawai zai daskare, wani lokaci kuma, musamman idan adireshi ne ya zo ɗaya, na'urar ta tsaya cak kafin ta kai ga manhajar da ke tafiyar da ita.

Da tsarin guraben kati na PCI na kamfanin Intel ya fito a 1992, sannan Windows 95 ta zo da rabon kaso ba tare da sa hannun mutum ba, an yi zaton an rabu da matsalar, amma kama kawai ta sauya. A tsohon tsarin BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, wurin da aka ware wa katuna su ɗora 'yar manhajarsu ta farawa kimanin kilobayit 128 ne, katin hoto ya ɗebi nasa tun farko, saboda haka idan aka tara katin sarrafa faifai da na sadarwa guda biyu ko uku, wurin yana iya cikewa, na ƙarshe ya rasa inda zai zauna. Katunan hoto masu ƙarfi idan sun yi yawa a na'ura ɗaya sukan cinye adireshin da ke ƙasa da gigabayit 4, har sai an kunna saitin Above 4G Decoding. A bod, wato babban allon da ake dasa katuna a kai, da yawa na zamani gurbin ƙaramin faifai na M.2 hanyarsa ɗaya da wasu kafofin faifai na SATA, wanda ke sa da zarar an dasa sabon faifai a can, tsohon da ke ɗauke da manhajar farawa ya ɓace, kwamfuta ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. A duk waɗannan misalai babu abin da ya lalace. Abubuwa biyu ne masu lafiya suka nemi abu ɗaya da ba zai ishe su ba.

Kalmar da ta fi saurin zuwa baki ita ce rikici, kuma ban goyi bayanta ba, saboda faɗinta ya yi yawa. Idan an ce kwamfuta ta rikice, ana iya nufin ƙwayar cuta, ko zafi, ko faifai mai mutuwa, kuma mai koyo bai ƙaru da komai ba. Saɓani ta fi ta kyau a rubutu, amma asalin ma'anarta ya saba da abin da muke nema, domin waɗanda suka yi saɓani kowa hanyarsa daban ya bi ba su haɗu ba, su kuwa katunan nan haɗuwarsu a wuri ɗaya ita ce matsalar. Wannan ɓangaren na ma'ana gara a bar wa rashin jituwa, misali tsohon katin hoto da bai san tsarin UEFI da ya gaji BIOS ba, wanda zai bar sikirin baƙi ƙirin a na'urar da aka kashe wa saitin CSM, mai kwaikwayon tsohon BIOS, ko da shi kaɗai ne a ciki.

Karo ita ce ta fi ba ni wahalar turewa, domin gajera ce kuma tana nuna haɗuwa. Illarta biyu ce. Tana sa mai sauraro ya yi tunanin ɓarna, ya shiga neman inda ya ƙone ko ya fashe, sannan ita ce kalmar da muke cewa karo na biyu da ita, abin da zai iya kawo ruɗani a umarnin gyara. Ina ganin a ajiye ta ga lokacin da katin hoto mai kauri ya toshe gurbin da ke kusa da shi.

Abin da nake ba da shawara shi ne jayayya. Tushenta ja ne, kowa yana jan abu zuwa ɓangarensa, kuma Bahaushe ba ya jin an ce ana jayayya sai ya tambayi tsakanin wa da wa, kuma a kan me. Waɗannan tambayoyi biyu su ne dukkan aikin mai gyara. Domin ya gano tsakanin wa da wa, zai kashe na'ura, ya zare wayar wuta, ya cire katunan ƙari duka in ban da na hoto idan ba a iya ganin komai sai da shi, ya kunna. Idan ta tashi, sai ya riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, yana kashewa yana kunnawa, har ya kai ga wanda shigarsa ta tsayar da ita. A nan ne da yawa suke yanke wa katin hukuncin mutuwa su jefar, alhali wanda ya riƙe kalmar jayayya a ransa ya san cewa ɓangare ɗaya kawai ya kama, saura abokin jayayyar. Zai cire sauran ya gwada wannan katin shi kaɗai. Idan na'urar ta tashi, mai yiwuwa jayayya ce, idan kuwa ta ƙi a kowane gurbi, to lalacewa ce ko rashin jituwa ko ƙarancin wuta. Tambayar a kan me kuma ita ce za ta kai shi ga littafin bod ɗin ya duba guraben da ke da hanya ɗaya, ya sauya wa katin gurbi, ya kashe manhajar farawa ta katin da ba a tashi da shi, ko ya goge saitin CMOS, inda BIOS ke ajiye saitinsa, domin a sake rabon daga farko.

Za a iya cewa jayayya ta masu hankali ce, kati kuwa ba shi da nufi. Wannan bai dame ni ba, domin mun daɗe muna cewa inji ya ƙi tashi ba tare da kowa ya ɗauka yana da ra'ayi ba. Ja-in-ja ma tana kusa, amma ba ta shiga jimla da sauƙi kamar yadda za a ce jayayyar adireshi, ko jayayyar layin kira, ko a ce katin sauti yana jayayya da kafar firinta.

Akwai iyakar da nake so a kiyaye. Gurbin katin hoto na PCI Express, tsarin da ya gaji PCI, yana ba da wat 75, wayar ƙari mai baki 6 tana ba da wani 75, mai baki 8 kuma 150. Idan tukunyar wutar na'ura ta kasa ɗaukar sabon kati, fanka ta juya ta tsaya, wannan ƙarancin wuta ne, kuma sauya gurbi ba zai warkar da shi ba, saboda haka kada a kira shi jayayya. Haka ma ƙarar da tsohon BIOS na kamfanin Award ke yi, doguwa ɗaya da gajeru biyu, matsalar hoto take nunawa, kuma sau da yawa katin ne bai zauna daidai a gurbinsa ba.

Inda nake neman taimakonku shi ne kalmar layi. Na yi amfani da layin kira ga IRQ, na kuma yi amfani da hanya ga layukan da PCI Express ke raba wa gurabe, ko 1 ko 4 ko 16, amma hanya ta riga ta tafi ga DMA a sama. Malamai da masu sana'ar, wace kalma kuke ji a bakin masu aikin da za ta raba hanyar DMA da ta PCI Express?