Kafin ka kwance dashbod ɗin tsohuwar Sienna saboda AC

Makanikan da suka tattauna batun yoyon gas ɗin AC a tsohuwar Sienna sun haɗu a kan abu ɗaya: kada a taɓa dashbod sai an tabbatar ibaforeta, wato na'urar sanyaya iska da ke bayan dashbod, ce ke yoyo. A zuba kalar gano yoyo a cikin gas, a haska tiyon da ruwan AC ke ɗiga ta ƙarƙashin mota, a ga ko kalar ta fito. Sienna mai AC na baya kuwa, sau da yawa bututun da ke bi ta ƙasa ne ya ruɓe, in an kwance dashbod sai a yi aikin kwana biyu a banza.

In dai ibaforetar ce, a cire wayar batir ta nagatif, a jira daƙiƙa 90 saboda jakar iska. Soket ɗinta rawaya ne. A zuƙe gas da na'ura, a rage ruwan lagireto, a toshe bakin tiyon hita, in ba haka ba ruwa ya jiƙa kafet. A sauke sitiyari ba tare da an juya shi ba, don siririyar wayar da ke cikinsa tsinkewa take yi.

Kowane soket a manna masa takarda, a ɗauki hoto. Robar tsohuwar mota ta sha rana, da ɗan ƙarfi sai ka ji ƙas.

Tunda an buɗe, a canza bawul ɗin da ke tura gas cikin ibaforeta da zoben roba gaba ɗaya, a shafa musu man kwamfuresa. A yi bakyum, wato zuƙe iskar da ke cikin bututun AC, na minti 30, a ga allurar geji ba ta motsa ba, sannan a auna gas ɗin R134a daidai da abin da ke rubuce a ƙarƙashin bonet.