Matan matuƙan jirgin yaƙi, ya kuke yi da fargaba?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Maigidana matuƙi ne a rundunar sojin sama, an sa shi cikin masu shawagin bikin 1 ga Oktoba. Tun ranar abinci ba ya min daɗi. Ina tuna 2018, da jiragen F-7 biyu suka faɗo a Katampe, Abuja, wajen gwajin irin wannan shawagi, matuƙi ɗaya ya rasu. Jiya ina masa gugar kaki, sai ga hawayena a kan aljihun. Ya kuke yi?

Hajiya Babba: Ƙanwata, shekara 20 na yi a barikin Kaduna. In ya fita, wanke-wanke nake kamawa da addu'a har in ji ƙarar motarsa. Kada ki yi kuka gabansa da safe, yana buƙatar natsuwa.

Tsohon Makaniki: Haɗarin shawagin biki kusancin jiragen ne, fiffike dab da fiffike, ga su ƙasa-ƙasa. Shi ya sa ake ta maimaita gwaji. Allah ya tsare, 'yata.

Maman Ilham: Amin Baba. Ilham ta dage sai ta je ɗaga wa babanta hannu, har na kai ɗinkin rigarta mai kore da fari.